Haƙƙin mallaka ko rajistar tambari?

Mai sayar da yaji ta zana tambarinta a jikin leda, tana ganin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta wadatar da ita. Zanen kam nata ne tun ranar da ta yi shi, ba sai da rajista ba, har tana iya neman a sauke kwafinsa daga intanet. To sunan yajin fa? Wannan doka ba ta kare suna.

Rajistar tambari a Abuja tana cin kuɗi da jira, amma ita ce ke kare suna. In an samu rajistar, shekara 7 take aiki, daga nan a riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14. Ni rajistar zan ba ta shawara ta yi, domin da sunan masu saye ke tambayar yajin a kanti.