Wasiƙa daga Hamburg: ɗakin da babu wadirob

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya yara da makaranta? Mu ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara kunno kai.

Kin daɗe kina cewa in turo miki hoton ɗakina ki ga jeren Turai. Ba jan rai nake miki ba, abin nunawar ne babu sai yanzu da na ɗan kimtsa.

Ranar da muka karɓi mukulli na shiga na tarar da fili fetal. A Jamus idan an ce gidan haya, to bango ne da taga da daɓe. Babu wadirob, babu sif, ko ƙwan fitila babu, sai wayoyi na leƙowa daga silin. Gidaje da yawa ma kicin ɗinsu wayam yake, mai tashi yakan kwance kabad da wurin wanke-wanke ya tafi da abinsa ko ya sayar wa mai shigowa. Ga shi mun riga mun zube kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda mai gida ya karɓi har na hayar wata uku. Aljihu ya yi fayau. Ni kuwa ga akwatuna biyu masu kilo 23 kowanne, ga na maigidan, ga Gana-mas-go ɗin da Inna ta biyo ni da ita.

Da albashi ya shigo muka tafi IKEA, babban shagon kayan ɗaki, ta unguwar Altona. Kaya kam ba a magana. Akwai wani wadirob nasu mai suna PAX, ke za ki zaɓi faɗinsa da ƙofofinsa da yawan durowa, tsayinsa iri biyu ne, santimita 201 ko 236. Na zaɓa a raina har na gama jera atamfofina a ciki. Sai da muka dawo maigidan ya ɗauko tef muka auna, sannan na gane an yi ba a yi ba. Gidanmu shi ne na can ƙarshe a ƙarƙashin rufi, bangon ɗakin kwana a karkace yake kamar na bukka. Inda ya miƙe sosai kuma ƙofa ce da na'urar ɗumama ɗaki. Ko ƙaramin ba zai tsaya ba.

A nan na tuna kafintan bakin layinmu. Da a gida ne, aike ɗaya zai zo da tef da fensir a bayan kunne, ya auna karkataccen bangon, ya ƙera miki daidai wurin. Zai yi ta miki gobe-jibi har ki gaji, amma zai yi, kuma da ciniki. A nan kaya ne ke da araha, hannun mutum ke da tsada. Mafi ƙarancin ladan aiki a 2025 ya kai yuro 12.82 a awa, na kafinta ƙwararre kuwa ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma sai ya ba ki rana a kalanda. Shi ya sa za ki ga wadirob lafiyayye an saka shi kyauta a manhajar Kleinanzeigen, sharaɗi ɗaya: ki zo ki kwance shi da kanki, ki sauko da shi, ki nemi motar ɗauka. Babu ɗan dako, babu mai kura, babu yaran unguwa da za ki ce su kama miki. Mu da muke hawa na huɗu babu lifta, kallo kawai na yi. Ranar Lahadi da maigidan yake gida kuma ba a buga guduma, ranar hutu ce, maƙwabta ba sa ɗaukar wannan da wasa.

Wata biyu muna zaro kaya daga akwati kamar baƙi. Rannan ina neman ɗankwali na zazzage komai a gado, sai na zauna na dube su da kyau. Tufafin mutanen nan na ratayewa ne: kwat, rigar sanyi, shat. Namu kuwa na ninki ne. Zane, gyale, ɗankwali, turmin atamfa da ba a ɗinka ba, babbar riga da ta sha bugu, duk a ninke suka saba kwana. Inna ta yi shekaru nawa da akwatin ƙarfe da adudu, kin taɓa ganin ta fita da zane a yamutse?

Sai na bi hanyarta. Na samo durowa gajeru guda biyu na hannu, masu tsayin ƙugu, suka shige ƙarƙashin karkataccen bangon cif. Atamfa da leshi ina ninke su saiti-saiti, riga da zane da ɗankwali a haɗe, in jera su a tsaye gefe da gefe yadda in na ja durowa ina ganin bakin kowanne. Ba sai na ɗaga goma kafin in kai ga na ƙasa ba. Shaddojin maigidan suna cikin faffaɗan akwatin roba mai taya a ƙarƙashin gado, a shimfiɗe, babu abin da ke danne su. Wani abin dariya, Getzner ɗin da kuke ji da ita daga nan maƙwabta take fitowa, garin Bludenz na Ostiriya, amma tasa sai da ta je Kano aka ɗinka ta dawo. Huluna kuwa ɗaya cikin ɗaya, a kan wani katako da muka kafa a bango. Sandar rataye guda ɗaya na saya mai ƙafafu, ita ke ɗauke da rigunan sanyi da kaftanin Juma'a.

Kurakurai na yi su. Akwai leda da ake zuƙe iskar cikinta da injin shara, ta matse bargo ya koma kamar tabarma. Da bargo da rigar sanyi tana aiki. Na yi gangancin sa shadda a ciki, ta fito da layi-layi kamar an tauna ta, ƙyallin ya dushe, ga babu masu bugu a garin nan. Na kai babbar rigar wani shagon wanki, matar ta baza ta tana juyawa, ta tambaye ni mayafin tebur ne ko labule. Kuɗin da ta faɗa zai biya mai wanki da guga na wata guda a gida. Na naɗe abata na dawo na jona dutsen guga.

Na biyu, yawancin gidajen nan suna da ɗan sito a ƙarƙashin ƙasa. Na kai kayan zafi can na ajiye a kwali. Da na buɗe bayan wata uku, takalmana na fata sun yi fari-fari da fumfuna, atamfofin suna warin danshi. A gida ƙura da gara muke tsoro, a nan laima ce. Yanzu duk abin da zai sauka sai cikin roba mai murfi, durowar ma na janye ta daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, kuma safe da yamma sai na wangale tagogi na ɗan lokaci komai sanyi, kamar yadda mutanen nan suke yi.

Don in kori warin na kunna turaren wuta na baza kayan a kan kujera. Ko minti biyar ba a yi ba na'urar gano hayaƙi da ke silin ta ɗauki ƙara kamar za ta tsaga kunne. Na hau kujera ina fifita ta da gyale, tsohuwar da ke ƙasanmu tana buga ƙofa. Tun daga ranar, a baranda nake turara kaya, in lulluɓe su da zanen gado.

Wurin da ya yi kaɗan ya sa na rage kaya. Akwai manyan akwatunan ƙarfe a bakin titi da ake jefa tsofaffin tufafi, wasu na ƙungiyar Red Cross ne. Ana tantance su, wani kaso a yi dila a tura Afirka. In kin ga wata jar rigar sanyi mai ɓallen maɓalli a gwanjon Ƙofar Wambai, kada ki biya da yawa, tawa ce.

Hotunan na nan tafe. Idan an sami mai zuwa, ki sa min ƙaramar kabbasa da kafur. Kuma ki faɗa wa Inna kada ta bayar da koren akwatin ƙarfen nan, ina so. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki.