Filasta da fentin waje a Abuja: me za ka zaɓa kafin ka ba da kafin alƙalami?

Rigimar fentin waje a Abuja tana da lokacinta, wato Agusta zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ya zauna sosai. Gidan da aka gama a watan Maris yana ɗaukar ido, sai ka ga gindin bango ya kumbura, fenti yana ɓarewa falle-falle, wani farin gari ya feso a jikin katanga, baƙin zane kuma ya gangaro daga ƙarƙashin tagogi. A kira fenta, ya ce, "Alhaji, ni fenti na shafa, bangon ne ke shan ruwa." A kira mai filasta, ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya lau na bar aikina, fentin da aka sayo ne jabu." Kowannensu ya riga ya karɓi kuɗinsa cif, maigida ne kaɗai ya rage da bango.

Abin da ke damuna shi ne, yawancinmu muna ɓata makonni wajen zaɓen launi, amma ba ma ba da ko awa ɗaya ga abin da ke ƙarƙashin launin. Alhali mafi yawan fentin da ke ɓarewa, daga filasta matsalar ta taso.

Siminti yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma sabuwar filasta cike take da danshi da kaifin sinadarin da ke cin fenti. In aka rufe ta da fenti bayan mako ɗaya don ana gaggawar tarewa, ruwan da ke ciki dole ya nemi hanyar fita, sai ya taho da gishirin siminti ya ture fentin. Ga kuma ban ruwa: filastar waje tana son a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da ita kafin ta kama. Waɗannan ƙananan tsagogi masu kama da saƙar gizo, yawanci daga rashin ban ruwa suke, ko daga yashi mai laka. Gwajin yashi ba ya cin ko kwabo. Zuba yashin a kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. In ka tarar da laka mai kauri ta kwanta a saman yashin, ka mayar da tifar. Haɗin da aka saba don bangon waje shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 4 zuwa 5, kaurin filasta kuma milimita 12 zuwa 20. In ka ga lebura yana lodin baro bayan baro a kan buhu ɗaya, ka tsaya ka ƙirga da idonka.

Sai abin da za a rufe bangon da shi, kuma a nan ne farashi ya sha bamban.

Imalshin, wato fentin da ake tsinkawa da ruwa, shi ne mafi araha, amma ka sani iri biyu ne a kasuwa, na ciki da na waje, kuma bokitinsu kusan ɗaya ne a ido. Na ciki ba shi da isasshen danƙon akrilik da zai jure rana da ruwa. Damina ɗaya ta isa ya koɗe, ka shafa hannu ka ga tafinka ya yi fari. Na waje mai kyau, irin su Weathershield na Dulux da kamfanin CAP ke yi a Najeriya, ko Sandtex, kuɗinsa ya fi, amma ana iya wanke shi, kuma yana barin bango ya yi numfashi. Ga gidan da filastarsa ta miƙe sumul, shi nake ba da shawara.

Tekskot, wato fenti mai gurza-gurza wanda sunan Texcote na kamfanin Berger ya bi duk ire-irensa, shi ya cika Kubwa da Lugbe da Gwarinpa. Yana da amfani na gaske: kaurinsa yana ɓoye ƙananan tsagogi da karkatar filasta. To amma ƙurar hunturu tana maƙalewa a ramukansa, ɓangaren da ba ya samun rana kuma gansakuka kan kama shi. In wani wuri ya lalace aka yi faci, facin ba ya ɓuya. Yana kuma cin bokiti. Lita ɗaya ta imalshin mai kyau tana shafe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya a bango mai santsi, ke nan bokiti mai lita 20 zai kai wajen 200, amma bokitin tekskot ba ya kai ko rubu'in haka. Wanda ya kwatanta farashin bokiti da bokiti kawai, bai yi lissafi ba tukuna.

Wanda nake son a yi hattara da shi matuƙa shi ne sikiridin, wato siririn shafin da ake yi a kan filasta don ta yi santsi kafin fenti, a bangon waje. Mutane suna son santsin nan irin na falo, fenta kuma ba zai ƙi ba don kuɗin aiki ya ƙaru. Matsalar tana cikin haɗin. POP daga jifsom ake yin sa, jifsom kuwa ruwa yana jiƙa shi ya yi laushi. Duk haɗin da aka zuba POP a ciki aka shafa a waje, ranar da ruwa ya sami kafa ɗaya zai shiga bayansa, ya ɗago shi tare da fentin mai tsadan da ke kansa. In dole sai ka yi, to a yi da haɗin farin siminti da aka rubuta a jikin buhunsa cewa na waje ne, siriri, kuma ka ga buhun da idonka.

Fenti mai mai, a bar wa ƙofa da ƙarfen taga. A kan sabon siminti ba ya daɗewa. Tarolin, feshin siminti da ake yi da ɗan inji na hannu, yana da juriya da araha, ya dace da katanga da bayan gida. Tayil ko dutse a gindin bango, kamar mita ɗaya daga ƙasa, yana kare bango daga fantsamar ruwan indararo, sai dai ba ya maganin danshin da ke hawowa daga tushe. In ba a shimfiɗa ledar hana danshi a matakin DPC, wato inda tushe ya ƙare bango ya fara, ba, danshin zai bi bayan tayil ya ɓullo a samansa. Haka gidajen zamani masu rufin ɓoye: in kan bangon da ya kewaye rufin ba shi da hula mai ɗan baki da ke zubar da ruwa nesa da jiki, babu fentin da zai hana baƙin zane gangarowa. Kafin ka zargi fenta, ɗaga kai ka dubi saman bangon.

Yanzu maganar wa za ka ba aikin. Mutane da yawa suna raba shi gida biyu, magini ya yi filasta ya tafi, daga baya a nemo fenta mai sauƙin kuɗi. Hakan yana rage kashe kuɗi a ranar, amma shi ne ainihin tushen rigimar da kowa ke tura laifi ga ɗan'uwansa. Wasu kuma suna ba da kwangilar jimla, kaya da aiki duka a hannun mutum ɗaya. A nan akwai wanda za ka kama in abu ya lalace, sai dai ribarsa tana cikin abin da ya rage a kaya, shi ya sa ake samun fentin da aka tsinka da ruwa fiye da ƙima, ko tsohon bokitin babban kamfani da aka ɗura wa wani abu daban. Ni abin da na fi gamsuwa da shi shi ne tsaka-tsaki: mutum ɗaya ya ɗauki nauyin filasta da fenti gaba ɗaya, kai kuma ka sayi fentin da kanka daga dilan da kamfani ya amince da shi, da rasit, a buɗe kowane bokiti a gabanka. Kasuwar Dei-Dei akwai kaya na gaske, akwai kuma wanda ba na gaske ba, don haka ka duba hatimin murfi, da lambar rukunin da aka yi fentin, da alamar SON, hukumar kula da ingancin kaya. In dole sai fenta dabam za ka ɗauka, to ya zo ya duba bangon kafin ya fara, ya sa hannu cewa ya karɓe shi lafiya. Daga ranar ba shi da bakin cewa bango ne.

Dubawar ma ba wuya. Ɗauki makulli ka bi bango kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi amon ganga, filasta ba ta kama bulo ba, a fasa a sake. Sannan ka manne leda mai faɗin tafin hannu biyu a bango da salatif, ka rufe gefenta ruf, ka bar ta kwana. In da safe ka ga raɓa a cikinta, bangon bai isa fenti ba, ko da wa ya rantse maka. Ka kuma sa a gwada aikin a murabba'in mita ɗaya, da shafin farko na share fage da shafi biyu na fenti, ya zama shi ne ma'aunin sauran.

Duk wannan a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: sunan fenti da irinsa, shafi nawa, ruwa nawa za a ƙara, kwana nawa tsakanin filasta da fenti, da shaidu biyu. Kuɗi kuma a biya mataki-mataki. A manyan kwangilolin gini an saba riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin aiki har tsawon wata 6 don gyaran abin da ya ɓullo daga baya. A Abuja, inda damina ke kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ka sa wa'adin ya ratsa damina guda cikakkiya, don aikin da aka gama a Nuwamba wata 6 ɗinsa zai cika ne ruwa bai gama gwada shi ba. Ma'aikacin kirki yana iya neman a rage kason, wannan ciniki ne, kuma shi ma yana da haƙƙin a biya shi ranar da wa'adi ya cika ba tare da yawo da hankali ba. Wanda ya ƙi sharaɗin ɗungurungum, nemi wani.

In kuma an riga an ɓata, kada ka yi saurin kankare bangon. Ɗauki hotuna masu kwanan wata, ajiye rasit da bokitan da aka yi amfani da su da saƙonnin WhatsApp, ka samo magini mai rajista da CORBON, hukumar da ke yi wa magina rajista, ya rubuta abin da ya gani. Fara da zama da mutumin a gaban shaidun nan ko shugabannin ƙungiyarsu. In ya faskara, akwai zauren sulhu na Multi-Door da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Birnin Tarayya, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, musamman in fentin ne jabu. Ofishin 'yan sanda kuwa ba wurin wannan magana ba ne: dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar kwangila kawai, kuma fentan da ka sa aka tsare yana iya juyowa ya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi.