Shagon buga memuwar a Harobanda: inda ya ƙware da inda yake da sauran aiki

Wanda ya ƙetare gadar Kennedy a Yamai zuwa Harobanda, ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni, zai ga shagunan fotokopi birjik, duk da allo iri ɗaya: bugawa, kwafi, haɗa littafi. Sai dai ba kowanne ake miƙa wa memuwar ta lisans ba, aikin da ɗalibi ya yi watanni yana fama da shi, wanda kuma malaman juri za su juya shafi-shafi ranar sutnans, wato ranar da zai kare aikin a gabansu. Shagon da muke magana a kansa ɗaki biyu ne: firinta mai leza biyu na baƙi, ɗaya ta launi, injin huda takarda, da gurup a bayan gida. Mai shi dattijo ne, samari biyu na taya shi. Ɗaliban sashen adabi, da na noma, da na kimiyya, har da ƴan makarantar ma'adinai ta EMIG, duk suna zuwa. Abin da ya sa muke tura ɗalibai can shi ne dattijon yana buɗe fayil ya duba kafin ya danna bugawa.

Tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Ɗana, PDF ka kawo ko Word?" In Word ne, yakan ce a koma a mayar da shi PDF a kwamfutar da aka rubuta shi. Yana da gaskiya. Fayil ɗin Word ba ya tafiya da irin haruffansa sai in an saka su ciki da gangan. In kwamfutar shago ba ta da irin da ɗalibi ya yi amfani da shi, sai ta musanya da wani, layuka su tsawaita, tebur ya tsinke gida biyu, babi na uku da jerin abubuwan ciki ya ce yana shafi na 24 ya koma na 26. Malamin da ya nemi shafi bai same shi ba tun a minti na farko, da wannan idon zai karanta sauran.

Sai gefen takarda. A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29,7. Injin sipiral, na haɗa littafi da roba, yana huda ramuka 21 a gefen hagu, yana cin kusan santimita ɗaya. Shi ya sa dattijon yake son a bar santimita 3 a hagu, 2,5 a sauran gefuna. Wanda ya bar 2 kawai zai ga haruffan farkon layi sun shige ƙarƙashin roba. Teburan da aka kwantar a kaikaice su ne suka fi cutuwa, domin ramukan kan faɗa a kan sunayen ginshiƙai. Yana kama wannan a allo, ya nuna wa mai aikin da yatsa.

Takardarsa mai giram 80 ce, ba ya rage ta a ɓoye zuwa 70, wadda rubutun baya ke leƙowa ta cikinta. Yana ajiye ram ɗin cikin ledarsa har lokacin aiki. A damina takarda buɗaɗɗiya na shan laima, in ta bi ta zafin leza sai ta nannaɗe. A hunturu kuma busasshiyar iska na sa takardu su manne, injin ya ja biyu tare, farar takarda ta shiga tsakiyar babi. Za a ga yaron shago yana kaɗa takardu kamar mai fifita kafin ya zuba su. Maganin ke nan.

Inda ya fi burge mu shi ne haruffa masu ƙugiya. Ɗaliban ilimin harsuna, da na tarihi da zamantakewa masu kawo maganar mutanen da suka yi hira da su da Hausa ko Fulatanci, sun san wannan ciwo: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna fitowa a matsayin akwati fanko ko alamar tambaya, ko su fito da wani salo dabam kamar baƙi a cikin kalma. Dalili shi ne tsofaffin nau'o'in haruffa da yawa ba su ƙunshi waɗannan ba. Ga shi kuma ƙa'idar rubutu ta Nijar tun 1999 da ƴ take aiki, ba da y mai waƙafi a gaba ba kamar ta Najeriya, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, don haka irin wannan rubutu ƙaruwa zai yi. Dattijon ya saka nau'o'in haruffa na Charis SIL da Doulos SIL a kwamfutarsa, waɗanda kyauta ake sauke su kuma suna ɗauke da haruffan lafazi gaba ɗaya. In ya ga kalmar Hausa a fayil, yakan buga wannan shafin shi kaɗai, ya miƙa ya ce, "Ƴata, karanta mini wannan layin." Kuskure a nan ba na ado ba ne: in ƙugiya ta faɗi, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, misalin da aka gina hujja a kansa ya rushe. Mai ajami ko Larabci a cikin aikinsa ya ƙara lura, domin a wasu kwamfutoci haruffan kan rabu da juna ko su juya daga hagu zuwa dama.

Taswira ma yana da ido a kanta. Firinta kan rage shafi kaɗan da kanta don ya shiga takarda, in ba a hana ta ba. Ga rubutu ba komai, amma taswirar da aka rubuta mata ma'aunin 1/50 000 ta zama ƙarya da zarar an rage ta. Shi ya sa yake bugawa a kashi 100 bisa 100, yake kuma ba ƴan labarin ƙasa da noma shawarar su saka ma'auni na sanda, wanda ke raguwa tare da taswirar. Haka zanen ƙididdiga: ja da kore masu ƙarfi ɗaya, in aka buga su da baƙi, toka iri ɗaya suke zama, ba mai bambanta gero da dawa. Ko a biya launi, ko a yi amfani da ɗigo-ɗigo da zane-zane. Hoton da ya bi ta WhatsApp kuma ya riga ya matse. A turo shi a matsayin fayil, ko a ciro shi da waya kai tsaye.

Farashinsa: shafin baƙi sefa 25, wato dala biyar, na launi 150, sipiral da roba a gaba da kwali a baya 500. Memuwar mai shafi 60, goma daga ciki na launi, ta tashi 3 250 kowane kwafi. In sashe ya nemi kwafi 5, jikka 16 ke nan da dala hamsin. Akwai masu arha a layin, amma sake bugawa ya fi tsada. A zo da lambobin shafukan launi a rubuce, kuma a ƙirga su yadda PDF ke ƙirgawa, tun daga bango. Shafukan godiya da sadaukarwa masu lambar Romawa suna sa lissafi ya goce, a biya launi a kan shafin da babu hoto.

Yanzu inda yake da rauni. Kada a ba samarinsa aikin buga rubutun hannu. Suna da sauri, amma ba su san kalmomin fanni ba: sunan tsiro na Latin yakan fito a gurguje ba a karkace ba, ƙaramin 2 na H₂O ya hau layi, lissafi mai kashi-kashi ya zama jeri ɗaya. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta gara ya zauna kusa da mai bugawa, ya bi layi-layi.

Kwamfutar karɓar aiki kuma kowa na soka mata kile na USB, kuma ba a sabunta mata rigakafi yadda ya kamata. Ƙwayar cutar kwamfutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu tana yawo a irin waɗannan wurare. Fayilolin ba su goge ba, ɓoye su aka yi, amma ɗalibin da sutnans ɗinsa gobe ne ba zai ji wannan bayani ba. A kawo kile da babu komai a cikinsa sai PDF ɗin, asalin aikin kuma ya kasance a imel.

Ba shi da injin babbar takarda. Iyakarsa A3. Mai zanen gini ko fasta ta A1, mai santimita 59,4 da 84,1, sai ya ƙetara cikin gari. Wannan gibi ne babba ga shagon da ke kusa da makarantun fasaha. Haɗin manne da zafi ma ba mu yaba ba: yana da kyan gani, amma littafin da ya kwana biyu a akwatin babur cikin zafin Afrilu yakan fara sakin shafukan tsakiya. Sipiral ɗinsa ya fi aminci, muddin an zaɓi girman da ya dace, milimita 10 ga takarda kusan 60, 12 in an doshi 90. In robar ta yi ƙanƙanta, shafi ba ya juyawa sai ya yage a bakin rami.

Lokacin ajiye memuwar shagon na cika maƙil, kuma a nan duban nan da muka yaba yake raguwa, domin mutum ɗaya ne mai idon. In wuta ta ɗauke, gurup ɗin firinta ɗaya kawai yake iya ja, layi ya tsaya. A je da safe kafin ƙarfe tara, kwana uku kafin ranar ajiyewa, a buga kwafi ɗaya tak, a kai wa malamin da ke duba aikin ya sa hannu, sannan a dawo a buga sauran.