Na kai ruwan rijiyarmu gwajin na'urar Raman, ga yadda ta kaya

Jama'a gonarmu na can wajen Ajiwa, kun dai san yadda feshi ya koma yanzu, kowa da famfo goye a baya, na ciyawa ne na kwari ne, ruwan sama na sauka ya wanke ya gangara da shi, rijiyar da muke sha kuma tana gangaren. Hankalina ya ki kwanciya, sai na dura ruwan a gora na kai wani dakin gwaji nan cikin Katsina.

Na'urar kanta ba wata babba bace, hannu daya ya dauke ta. Matashin da ke wurin ya tace ruwan ya diga kan wata 'yar takarda mai burbushin azurfa, burbushin da sai da nanomita ake auna shi, wato a raba mita daya gida biliyan, sannan ya haska mata leza, wani siririn haske mai karfi. Yace kowane sinadari da irin yadda yake maido haske kamar zanen dan yatsa, to amma abin da ke dawowa bashi da karfi, azurfar ce ke ninka shi har na'urar ta iya gani. Sunan na'urar ma na wani masani ne dan Indiya, C.V. Raman, shi ya gano abin a 1928. Wallahi ko shayin da suka bani ban shanye ba sakamako ya fito, ga alamar atirazin, maganin ciyawan da muke ma masara.

Inda muka saba shine da nace to nawa ne a ciki, ya kai na cutarwa? Nan ya fara sosa keya. Ya sake diga ruwan nan dai a wata takardar, layin da ke nuna alamar atirazin din ya fito amma tsawonshi ya bambanta da na farko, yace in adadi nake so sai babban dakin gwaji. Haba malam, ai tun kafin in biya ya kamata in ji haka! Gwajin bai shafi kwayoyin cuta ba kuma, wannan kudinshi daban.

Duk da haka zan koma da wake, tunda fiya-fiya ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015 kuma har gobe ana zuba ta a buhu. Rijiya dai mun bar ma wanki, na sha Yaya ke kawo mana a jarka daga gari.