Yadda ake koya wa yara kula da dabbobi a nan Ingila

Assalamu alaikum Yaya, ya Kaduna, ya su Mama da yara. Kin ce in ba ki labarin makarantun yara a nan, to bari in fara da maganar dabbobi don ita tafi tsaya min a rai.

Wasu azuzuwan firamare suna da dabbar aji, zomo ko kifi ko wani ɗan ɓera mai gashi, malama zata manna jadawali a bango yau wane ne zai zuba abinci gobe wance zata canza ruwa, ranar Juma'a kuma a ba yaro ɗaya ya tafi da ita gida ya dawo da ita Litinin da ɗan littafi ya rubuta me ta ci, ya ta kwana. Su yaran wasa suka ɗauke shi amma riƙon amana ake cusa musu. Akwai kuma gonaki cikin birni irin Mudchute da Hackney City Farm a Landan, shiga kyauta ne, ana kai yara su ga tumaki da jakuna. Wallahi akuyar da take cinye mana shanya a Tudun Wada ita ake bin layi a shafa.

Kayan kuwa ba a magana. Pets at Home kanti ne guda na dabbobi zalla, abincin ƴar mage daban, na tsohuwa daban, na mai ciwon ƙoda daban, ga gado ga bargo har burushin haƙorin kare. Ni dai rabin kayan nan almubazzaranci na ɗauke su. Abinda ya burge ni shine lokacin hutu suna tara yara su nuna musu yadda ake riƙe dabba, ashe zomo ba a ɗaga shi ta kunne yadda ake yi a gida, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya ya tallabo baya.

Kuma doka ce ta tsaya musu. Tun 2007 ba a sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba dabba shi kaɗai, ƙungiyar kula da haƙƙin dabbobi ta RSPCA da aka kafa tun 1824 tana iya maka mutum kotu in ya bar karensa da yunwa. Kare dole a sa masa ƴar na'urar shaida ƙarƙashin fata tun 2016, mage ma an haɗa da ita a 2024, tarar tana kaiwa fam 500. Sai dai likitan dabbobi akwai tsada sosai, mutum yana ganin likita kyauta amma magensa sai ya biya, shi yasa suke musu inshora, marasa ƙarfi kuma su nufi PDSA, ƙungiyar agaji mai duba musu dabbobi.

Amma fa Yaya kar ki ga kamar sun fi mu komai. Yaron da yake da tattabaru a Rigasa ya san wadda bata da lafiya tun daga yadda ta takure, ya san awon gero da dawa, wanda aka sayo masa rago a Zango shi ke nemo harawa ya dama dusa da kanwa ya masa wanka, yaran nan basu iya ko rabin haka ba. Inda muka yi sake shine dabbar da ba ta gidanmu ba, a harbi ƙadangare da danƙo, a bi kare da jifa, a ce mage mayya ce, alhali a Islamiyya sun haddace hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Haddar tana nan, babu mai haɗa musu ita da magen da ke bayan kicin.

Sai haukan kare, nan babu shi a karnuka amma mu yana nan, ki gaya wa yara in kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 sannan asibiti kai tsaye, ba a tsaya shafa magani ba.

Zan turo kuɗi ƙarshen wata a saya wa su Auta zomaye biyu, ki sa kafinta ya haɗa keji mai raga, su rubuta jadawalin da hannunsu su manna a ƙofar kicin. Ki tambayar min nawa buhun dusa yake yanzu sai in haɗa duka. A gaida Mama.