Kwandon da dokar Faransa ta ambata da sunansa

'Yan'uwa na Garwa da Marwa, gaisuwa daga Liyon ta Faransa.

A bandakin mata na wurin aiki a nan akwai ɗan kwando mai murfi na zuba audugar al'ada, kuma dokar ƙwadago ce ta wajabta shi. Ta ƙayyade ma adadi: bandaki 2 ga kowane mata 20, daban da na maza. Dole a tanadi ruwan sha, da kujera kusa da inda ake aiki, da wurin da mai ciki za ta kishingiɗa. Awon ciki na wajibi kuwa, ba a yanke ko sisi a albashi saboda shi.

To ku dubi shago ko ofis a gida cikin zafin Afrilu. Bandaki ɗaya, babu sakata, famfo a bushe. Sai mace ta daina shan ruwa tun safe don kada fitsari ya matsa mata, ta riƙe shi har la'asar. Ta nan ciwon mafitsara ke samun ƙofa, ga mai ciki kuma yana iya hawa ƙoda ko ya jawo naƙuda kafin lokaci. Auduga ta wuni ba canji, alhali bai kamata ta wuce awa 4 zuwa 6 ba. Alhaji mai shago, sakata da kwando da jarkar ruwa nawa za su ci maka?

Abin takaicin, dokarmu ba baya ba ce. Dokar aiki ta Kamaru ta 1992 ta ba da hutun haihuwa na mako 14, huɗu kafin haihuwa, CNPS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ke biyan kuɗin. Mai shayarwa tana da awa ɗaya kullum har wata 15, a Faransa shekara ɗaya ce kacal, ko da yake hutunsu mako 16 ne. Inda ake cutar mata shi ne rajista. Uban gida bai kai sunanki CNPS ba, ciki ya tsufa ki je, a ce ba a san da ke ba. Ki nemi lambarki ta CNPS tun watan farko, ki adana takardun albashi da na awo.

Nan ɗin ma da nasa ciwon. Babu buta, sai ki riƙa yawo da gorar ruwa a jaka. Gurbi a gidan renon yara tun da ciki ake nemansa, kuma ba lallai a samu ba. Babu goggo, babu maƙwabciyar da za ta karɓi goyo ta ce je ki dawo.