Inshorar kare a Ingila ta sake tsada: abin da za ka duba kafin ka zaɓa

A watan Janairu takardar sabunta inshorar Duna ta iso. Na buɗe ta a tsaye a bakin ƙofa, ban ko cire rigar sanyi ba, sai na ga kuɗin wata ya tashi daga fam 45 zuwa fam 61. Bai yi wani ciwo ba a shekarar, ban karɓi ko kwabo daga wurinsu ba. Duna baƙin kare ne jinsin Labrador, shekararsa 7. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya damƙa mana shi lokacin da jiki ya ƙi, aka kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma tun ranar na ɗauke shi a matsayin amana.

Abin da kowa zai yi shi na yi. Na shiga shafukan kwatanta farashi irin su Compare the Market da MoneySuperMarket, nan take na ga masu karɓar ƙasa da rabin abin da ake nema a wurina. Na buga wa ɗaya daga cikinsu waya. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni ko an taɓa kai shi asibiti, na ce sau biyu: ciwon kunne yana ɗan shekara 3, sai ɗingishi da ya yi a ƙafar baya ta hagu shekara biyu da suka wuce, wanda ya warke cikin mako ɗaya. Ta ce to, kunne da fata ba sa cikin abin da za su biya, gwiwoyin baya kuma duka biyun ba sa ciki. Na ce ai ɗaya ce ta yi ciwo. Ta ce a ƙa'idarsu, gaɓar da take da 'yar'uwa a ɗaya gefen, ciwon ɗaya ciwon duka ne.

A nan na gane yadda wannan kasuwa take. Ranar da likita ya rubuta wani abu a fayil ɗin karenka, daga ranar ka zama ɗaurarre a hannun kamfanin da kake ciki, domin yawancin sauran ba za su biya kuɗin ciwon da ya riga ya bayyana ba. Saboda haka zaɓin gaskiya ana yin sa ne tun kare yana ɗan kwikwiyo, lafiyarsa ƙalau. Farashin bana ba shi ne abin kallo ba. Abin tambaya shi ne, idan ya kai shekara 9 ya kamu da ciwon da ba ya warkewa, wa zai biya?

Tsadar kanta ba daga sama ta faɗo ba. A Ingila babu asibitin gwamnati na dabbobi kamar yadda mutane suke da NHS, kowane allura da kowane hoto kuɗi ne. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, CMA, ta fara duba harkar asibitocin dabbobi a Satumbar 2023, ta buɗe cikakken bincike a Mayun 2024. Ta gano cewa a 2013 kusan kashi 10 cikin 100 na asibitocin ne ke hannun manyan kamfanoni, amma yanzu sun kusa kashi 60, kuma guda shida ne suka mamaye su: CVS, IVC Evidensia, Linnaeus, Medivet, Pets at Home da VetPartners. Sau da yawa allon da ke ƙofar asibitin bai canza ba, sunan da ka sani ne tun da can, amma mai shi ya canza. A rahoton wucin gadi da ta fitar a Oktoban 2025 ta ce farashin jinya ya tashi da kashi 63 cikin 100 tsakanin 2016 da 2023. Ga ƙarancin likitoci da ya ƙaru bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ga na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki da manyan tiyatoci waɗanda a da sai mutum ake yi wa. A kan wannan duka gwamnati na ɗora harajin inshora na kashi 12. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2022, wadda ta hana kamfani ya caji tsohon abokin ciniki fiye da sabo, inshorar gida da ta mota kawai ta shafa, ba ta taɓa ta dabbobi ba. Sannan kare yana tsufa kowace shekara, farashin kuma yana binsa.

Inshorar kare iri huɗu ake sayarwa. Mafi araha ita ce ta haɗari kaɗai. Idan mota ta buge shi, ko ya taka kwalba, ko ya karye, za su biya. Idan cuta ce, babu ruwansu. Kare kuwa da ya manyanta, abin da ke cin kuɗi a kansa cuta ce: ciwon suga, sanyin ƙashi, ƙaiƙayin fata, ciwon zuciya, daji. Ta fi zama babu inshora sam, amma iyakarta ke nan.

Ta biyu ita ce mai wa'adin wata 12, kuma ita ce na fi ganin tana jefa mutanenmu cikin da-na-sani, saboda farashinta na jan ido kuma a rubuce tana cewa tana biyan kuɗin cuta. Tana biya, amma kowace cuta tana da wata 12 kacal daga lokacin da ta fara, ko zuwa inda kuɗin da aka ware mata ya ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Daga nan an cire ta har abada. Ka ɗauki kare mai ciwon suga, wanda zai riƙa karɓar allurar insulin safe da yamma har ƙarshen ransa. Shekarar farko kamfani ya biya. Shekara ta biyu kai ne za ka biya komai, kana kuma ci gaba da biyan kuɗin inshora, kuma babu sabon kamfanin da zai yi maraba da wannan ciwon. In da za a tambaye ni, ba zan ba wa kowa shawarar ya saye ta ba, sai dai wanda karensa ya tsufa ƙwarai har sauran sun fi ƙarfinsa.

Ta uku tana ware wa kowace cuta wani adadi, a ce fam 3,000, ba tare da wa'adi ba. Kamar randa ce da ba a ƙara mata ruwa: kana ɗiba a hankali ko da sauri, ranar da ta ƙafe shi ke nan. Ga ciwon da ake yi sau ɗaya a gama tana da amfani. Ga ciwon shekaru, ƙarshenta ɗaya da ta biyu, jinkiri kawai aka samu.

Ta huɗu ita ce ta tsawon rai, wadda a takardunsu suke kira laiftaim, kuma ita ce mafi tsada. Ana ba ka adadin kuɗi na shekara, idan ka sabunta sai a sake cika shi, har da na tsofaffin cututtukan da suka fara yana ƙarƙashinta. Sharaɗin shi ne kada a samu giɓi. Idan katin bankinka ya ƙi aiki, ko ka tafi gida hutu ka manta, yarjejeniyar ta mutu, duk abin da ke cikin fayil ya koma tsohon ciwo. A nan ma sai an natsu wajen karatu, domin iri biyu ce. Wata tana ba da jimla ɗaya a shekara wadda kowace cuta za ta ci daga ciki. Wata kuma tana rubuta babban adadi a sama, amma a ƙasa ta ƙayyade abin da cuta ɗaya za ta iya ci a shekara. Idan ka ga fam 10,000 da manyan haruffa, nemi ƙananan. Tiyatar tsinkewar jijiyar gwiwa a babban kare tana iya haura fam 3,000 a ƙafa ɗaya, kuma karen da ɗaya ta tsinke masa yakan zo da ta biyun daga baya. Iyakar fam 2,000 ga kowace cuta ba za ta kai ko'ina ba a irin wannan. Kuma sunan tsawon rai bai hana farashi tashi ba. Alƙawarin da suka yi na ci gaba da biyan cutar ne, ba su yi alƙawarin farashi ba.

Sai maganar kason da kai za ka fara biya kafin su biya nasu, wanda suke kira ekses. Yawanci ana cire shi ne a kan kowace cuta, a kowace shekara. Idan kare ya kai wasu shekaru, galibi wajen 8 ko 9, wasu jinsunan ma tun kafin haka, kamfanoni da yawa suna ƙara wani kaso, kamar kashi 20 cikin 100 na abin da ya rage. Ga lissafin: jinya ta ci fam 2,000, kasonka na farko fam 150, ya rage 1,850, kashi 20 na wannan fam 370 ne. Kai ka biya 520, su sun biya 1,480. Mutane da yawa ba su san da wannan ba sai ranar da suke tsaye gaban kanta a asibiti. Tambayi shekarar da wannan kason yake farawa tun kafin ka sa hannu.

Akwai masu cewa gara su tara kuɗinsu da kansu, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wasu 'yan'uwa ma saboda addini suke zaɓar haka, domin malamai da dama ba su natsu da inshorar kasuwanci ba, sun fi yarda da tsarin takaful. Wannan hukunci na malaminka ne. Ni lissafin kawai zan nuna. Fam 60 a wata ya zama 720 a shekara, 3,600 a shekara 5. Idan kare ya yi shekara 5 bai yi babban ciwo ba, ka ci riba, kuɗinka na hannunka. Idan ya haɗiye safa ko ƙwallon yara a wata na 8, hanji ya toshe, aka ce tiyata cikin dare, abin da ka tara bai kai fam 500 ba. Tara kuɗi ya dace da wanda tun farko yake da wasu dubbai a ajiye, kuma ya san ba zai taɓa su ba ko da an bugo waya daga gida ana neman kuɗin biki ko na asibiti. Mu da muke nan mun san yadda wannan wayar take zuwa, kuma mun san ba a iya cewa a'a.

Ko wanne ka zaɓa, akwai ɓangaren da ajiya ba ta isa ta rufe ba, wato diyyar ɓarnar da kare ya yi wa wani. Ya fizge igiya ya faɗa titi mai keke ya faɗi, ko ya ciji mai kawo wasiƙa, ko ya bi tumaki a gonar wani. Irin wannan shari'a tana iya cinye gida. Yawancin inshorar kare suna haɗawa da kariyar fam miliyan 1 ko fiye, wasu takardun inshorar kayan gida ma suna da ita, sai ka duba taka. Masu karen XL Bully a Ingila da Wales kuwa, tun 1 ga Fabrairun 2024 laifi ne riƙe shi ba tare da takardar izini ba, kuma a lokacin da dokar ta fara aiki inshorar diyya na cikin sharuɗɗan takardar.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Mu a gida kare na gadi ne ko farauta ko kiwo, kuma da wannan tunanin da yawanmu muke ɗaukarsa a nan. Inshorar dabbar gida ta yau da kullum galibi ba ta shafi karen da ake aikin tsaro ko sana'a da shi ba. Idan kana kwanar da shi a shago ko garejin aiki domin gadi, faɗa musu gaskiya tun farko, in ba haka ba ranar biya za su ce ka ɓoye. Akwai ma dokar karnukan gadi ta 1975 da ta tsara yadda ake ajiye su a wuraren kasuwanci.

Jinsi ma yana da nasa farashi. Masu gajeren hanci irin su French Bulldog da Pug suna fama da numfashi, Dachshund da ciwon baya, Labrador da German Shepherd da ƙugu da gwiwar gaba. Wanda bai riga ya sayi kare ba, ya fara neman farashin inshorar jinsin da lambar unguwarsa, domin Landan ba ɗaya take da ƙauyukan arewa ba.

Tsarin biyan wata-wata da asibitoci ke tallatawa na rigakafi da maganin ƙuma da tsutsar ciki ba inshora ba ne, ba ya biyan tiyata. Amma kada a yi sakaci da rigakafin da duba haƙora na shekara, domin rashinsu na iya zama hujjar ƙin biya. Idan kare na kan maganin dindindin, kana da ikon neman likita ya rubuta maka takardar magani ka saya a kantin intanet mai rajista. Za ka biya kuɗin takardar, amma sau da yawa da sauƙi. Wanda ke karɓar wasu tallafin gwamnati kuma yana zaune kusa da asibitocinsu, ƙungiyoyin agaji na PDSA da Blue Cross suna jinya kyauta ko da rangwame. Idan kamfani ya ƙi biya kana ganin zalunci ne, rubuta musu ƙorafi. Suna da mako 8 su ba da amsa, daga nan ka kai gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta ƙorafi tsakanin jama'a da kamfanonin harkar kuɗi, ba a biyan ko sisi.

Wanda fayil ɗin karensa yake fari tas yana iya sauya kamfani, sai dai sabuwar yarjejeniya yawanci ba ta fara biyan cuta sai bayan kwana 14, don haka kada a soke tsohuwar kafin kwanakin su cika. Nemi asibitinku su ba ka kwafin fayil ɗin ka karanta da idonka tukuna. Ni ban san an rubuta ɗingishin nan na mako ɗaya ba sai da na nema.

Da Duna ban sauya ba, saboda kunnen da gwiwar. Na kira kamfaninmu na ce su ɗaga kasona na farko daga fam 99 zuwa 200, su cire ɓangaren biyan kuɗin cigiya idan kare ya ɓata da ɓangaren biyan asarar soke tafiya, waɗanda ba na buƙata. Sun ba ni shawarar rage iyakar shekara ma, na ƙi, domin wanda ya sauko da ita da wuya a bar shi ya mayar a kan ciwon da ya riga ya bayyana. Kuɗin wata ya dawo fam 52. Fam 9 ɗin da ya ragu na ƙara masa 11, suna shiga wani asusu dabam a farkon kowane wata, saboda kason kashi 20 da zai fara aiki a kanmu idan ya cika shekara 8 a watan Agusta.